Yadda Ake Amfani Da Fowil ɗin Ƙaramar Jif: Jagora Ga Masu RAV4, CR-V Da Tucson A Katsina Da Daura

Tun da damina ta kankama tambayoyin nan suke ta dawo mini daga masu RAV4, CR-V, Tucson, Sportage da X-Trail. Wani ya ce ga 4WD, wato fowil mai jan ƙafa huɗu, an rubuta ɓaro-ɓaro a bayan motarsa, amma ta kafe a rairayin hanyar gonarsa ta wajen Sandamu, ƙafafun gaba suna ta haƙa, na baya ko motsi. Wani ya ce makanikensa ya ba shi shawara a cire farfela don mota ta rage shan mai. Wani kuma yana son sanin aikin maɓallin LOCK, wanda tun da ya sayi motar bai taɓa danna shi ba don tsoron kada ya ɓata wani abu. Zan bi su daki-daki.

Abin da za ka fara sawa a ranka shi ne, waɗannan motocin da ƙafafun gaba suke tafiya kusan kullum. Na baya ba sa karɓar ƙarfi sai an nemi taimakonsu, kuma taimakon yana da iyaka. Ba irin Hilux ko Land Cruiser ba ne masu ƙaramar giya ta 4L da ake haɗawa da hannu. Wanda ya ɗauke su a matsayin Hilux zai ƙona kuɗinsa, wanda kuma ya san iyakarsu za su kai shi wuraren da Corolla ba ta isa ta leƙa ba.

Mataki na 1: Tabbatar motarka tana da shi

Kada ka yarda da rubutun da ke jikin but. Ana sayar da harafin a kasuwa, a manna. Kuma duk waɗannan motocin ana yin su iri biyu, mai jan gaba kaɗai da mai jan huɗu, bodinsu ɗaya.

Ka faka a wuri mai daidai, ka kashe injin, ka ja birkin hannu, ka durƙusa da tocilan. Abu uku kake nema. Na farko farfela, wato dogon ƙarfen da ya taso daga bayan giyabos ya bi tsakiyar mota kusa da salansa har baya. Na biyu aksul ɗin baya, wani ƙullin ƙarfe tsakanin ƙafafun baya. Na uku shaf biyu da suka fito daga aksul ɗin, kowanne ya shiga ƙafarsa. Idan babu ko ɗaya, motarka mai jan gaba ce, shi ke nan. Idan akwai aksul da shaf amma tsakiya wayam, kana ganin ramukan kusoshi babu komai, to an cire farfelar kafin motar ta zo hannunka. Wannan ya yi yawa a motocin da suka zaga hannu biyu zuwa uku. Sai dai sabbin RAV4 masu haɗa fetur da batir ba su da farfela tun daga kamfani, domin injin lantarki ne yake juya ƙafafunsu na baya.

Bayan haka ka gwada. Ka sami wuri mai ɗan rairayi inda babu mutane, ka sa wani ya tsaya a gefe, ba gaba ba, ba baya ba, yana kallon ƙafar baya. Ka tashi da ɗan ƙarfi. Idan ƙafar baya ita ma ta watso ƙasa, yana aiki.

Hattara: kada ka bari a ɗaga gaban mota kaɗai a kan jek a sa giya wai don a gwada. Da zarar ƙafafun gaba sun juya a iska, motar za ta tura ƙarfi baya, ta sauko daga jek ɗin. Idan akwai yaron gareji a ƙarƙashi, Allah ya kiyaye.

Mataki na 2: San abin da ke faruwa a ƙarƙashinka

Farfela tana juyawa duk lokacin da mota take tafiya, amma ba a haɗe take da ƙafafun baya kai tsaye ba. A gaban aksul ɗin baya akwai wani kuloci mai faranti da yawa, irin na babur, makanikai suna ce masa kofulin. Idan farantan suka saki, ƙafafun baya bin mota kawai suke yi. Idan suka matse, ƙarfin injin ya wuce baya. Gwargwadon matsewar, gwargwadon ƙarfin, kuma iyakarsa wajen rabi da rabi.

Abin da yake matse su ne ya bambanta. A RAV4 daga 2006, da Tucson, Sportage da X-Trail, kwamfutar mota ce take yi. Tana karanta gudun kowace ƙafa ta sensar ABS, wato na'urar hana taya kullewa wurin birki, tana duba yadda ka taka totur, sai ta aika wuta. Shi ya sa waɗannan sukan ɗan matse tun lokacin tashi, kafin ma taya ta zame. CR-V har zuwa 2011 ba ruwanta da kwamfuta a nan: famfo biyu ne na mai a cikin aksul ɗin, ɗaya yana bin gudun gaba, ɗaya na baya, sai gaba ya fi baya gudu matsin man yake rufe kulocin. Ma'ana dole ƙafafun gaba su ɗan zame tukuna, kuma za ka ji wannan ɗan jinkirin a rairayi. Daga 2012 Honda ta mayar da shi na lantarki. RAV4 ta kafin 2006 kuwa dabam take, ita kullum ƙafa huɗu take ja.

Farantan nan gogar juna suke yi, gogayya kuwa zafi take haifarwa. Kusan duk gargaɗin da zai biyo baya daga nan ya samo asali.

Mataki na 3: Daidaita tayoyi

A nan aka fi kashe fowil a garin nan, kuma ba a rairayi ba, a kan kwalta lafiyayya. Taya ta fashe a hanya, a tsaya wurin mai faci, ya jawo wata 'yar Beljiyam ya ce, "Alhaji, ai duk sha bakwai ce, za ta shiga." Za ta shiga kam, amma lambar rim ba ita kaɗai ce girman taya ba.

Ga lissafi. Yawancin RAV4 na 2006 zuwa 2012 da CR-V na 2007 zuwa 2011 suna zuwa da 225/65R17. Zagayen wannan tayar ya kai kusan santimita 227 da rabi, tana juyawa kusan sau 440 a kilomita ɗaya. Idan aka sa maka 225/60R17, zagayenta santimita 220 da rabi ne, tana juyawa kusan sau 454. Bambancin juyi 14 ke nan a kowace kilomita. Daga Katsina zuwa Daura ta Mashi, wajen kilomita 80, ya haura juyi dubu. Motar ba ta san ka canja taya ba. Abin da take gani shi ne wata ƙafa tana fin wata gudu, sai ta ɗauka santsi ne, ta yi ta matse kofulin tun daga fitarka gari har ka isa. Wata da watanni a haka, farantan sun ƙone.

Don haka ka karanta lambar da ke gefen duk tayoyin huɗu, har da safaya, ka gwada da takardar da ke manne a jikin ƙofar direba. Su zama lamba ɗaya, kuma in da hali kamfani ɗaya, zane ɗaya, domin lamba ɗaya daga kamfani biyu ma takan ɗan bambanta. Cinyewarsu ta zo kusa da juna. Bambancin zurfin zane kada ya wuce milimita 2 zuwa 3. Idan aljihu bai kai huɗu ba, ka sayi biyu iri ɗaya da tsofaffin, ka sa su a aksul ɗaya. Kana juya su gaba zuwa baya duk kilomita 8,000 zuwa 10,000, domin na gaba sun fi saurin cinyewa.

Sai iska. Mai faci in ka bar shi da son ransa 40 zai kai ta, wani har 50, yana bubbuga tayar da hannu yana cewa ta yi. Takardar ƙofa a waɗannan motocin 30 zuwa 35 take nunawa. Ka sayi geji naka, ka auna da safe kafin taya ta ɗau zafi. Taya ɗaya mai ƙarancin iska gajarta take yi, illarta ɗaya da ta ƙaramar taya.

Hattara: cikin tayoyin Beljiyam akwai na ƙanƙara, masu hoton dutse da ƙanƙara a gefe. Robarsu mai laushi ce, an yi ta don sanyin Turai, ba don kwaltar Katsina a watan Afrilu ba. Ka kuma duba lamba huɗu ta ƙarshe bayan DOT: 2319 na nufin mako na 23 a shekarar 2019.

Mataki na 4: Kayan da za su zauna a but

Shebur ƙarami, geji, famfon iska mai aiki da batirin mota, igiyar ja mai faɗi wadda aka rubuta nauyin da take ɗauka, katako mai kauri da za a ɗora jek a kai, da guntayen katako biyu ko tsohuwar tabarmar roba. Ka nemo ƙugiyar ja ta motar ka san inda ake ɗaura ta tun kana gida. Duka kayan nan ba su kai kuɗin sabuwar taya biyu ba, famfon ne mai ɗan tsada a ciki, shi ne kuma wanda ba a yi ba shi.

Mataki na 5: Kwalta da burji

A kwalta babu abin da za ka danna. Mai X-Trail ya bar maɓallinsa a AUTO, sauran su bar LOCK a kashe. Idan ka kunna LOCK a busasshiyar kwalta ka sha kwana mai tsanani, za ka ji motar tana cijewa, tayoyi suna ƙugi, domin a kwana ƙafafun gaba sun fi na baya yin doguwar tafiya, kai kuma ka tilasta musu gudu ɗaya.

Yadda take a hannu kuwa, ka ɗauke ta a matsayin mota mai jan gaba wadda ta fi tsayi. In ka shiga kwana da gudun da ya wuce kima, hancinta ne zai ƙi juyawa, ya nufi waje. Maganinsa ka ɗaga ƙafa daga totur a hankali, kada ka ƙara murɗa sitiyari, kada ka daka birki. Inda za ka ji amfanin ƙafafun baya shi ne wurin tashi: fitowa daga lungu zuwa babban titi bayan an ɗauke ruwa, hawa kafaɗar titi daga ƙasa, ko tashi a hawa da kaya. A nan ba za ka ji kukan tayar gaba ba, motar za ta tafi kawai.

Hattara: fowil ba ya ƙara maka birki ko kaɗan. Kowace mota birki huɗu gare ta. Haɗarin ma shi ne, da yake ba ta zamewa wurin tashi, direba ba ya gane cewa hanya tana da santsi sai ya zo tsayawa. Ruwan farko da ya haɗu da ƙura da baƙin mai a kan titi, da yashin da ruwa yake sharowa ya zube a kwana, duk ɗaya suke gare ta da Golf.

A burji mai tsakuwa ko mai ƙunya-ƙunya, ka rage gudu tun kafin kwana, ka bar tazara mai yawa, domin ABS yana tsawaita tsayawa a kan ƙasa mai motsi. Za ka ji feda tana rawa a ƙarƙashin ƙafarka. Ka ci gaba da takawa, aikinta take yi. Kada ka taɓa jan birkin hannu mota tana tafiya.

Mataki na 6: Shiga rairayi

Wannan shi ne ainihin jarrabawar a ƙasarmu. Duk wanda yake bin hanyoyin ƙauyukan Zango, Baure, Mai'aduwa ko Mashi ya san yadda suke: ƙasa mai ƙarfi, sai kwatsam wani fage na rairayi mai laushi, amalanken shanu sun yi masa rami biyu, tsakiya ya yi tudu. Tudun nan ya fi rairayin haɗari. Tsakanin cikin waɗannan motocin da ƙasa wajen santimita 16 zuwa 21 ne kawai, kuma da mutum biyar da buhuna a baya ya ragu. Da cikinta ya hau tudun, nauyi ya bar tayoyi, ko ƙafa goma gare ta ba za ta motsa ba.

Ka tsaya tun kana kan ƙasa mai ƙarfi. Ka sauka ka taka wurin da ƙafa, ka ga tsawonsa, ka ga inda za ka fita. Idan ramukan sun yi zurfi, ka shirya ɗora ƙafa ɗaya a kan tudun tsakiya, ɗaya a gefe.

Idan fagen yana da tsawo, ka rage iska zuwa 18 ko 20, duk huɗun daidai. Mutane suna ƙyashin wannan, alhali ya fi LOCK ɗin kansa amfani: taya mai ƙarancin iska tana shimfiɗuwa, ta hau kan rairayi maimakon ta yanka shi. Kada ka sauka ƙasa da 15, taya tana iya fita daga rim a kwana.

Sannan ka danna LOCK, tun kafin ka shiga, ba bayan ka kafe ba. Abin da yake yi shi ne ya matse kofulin tun daga farko don kada a jira zamewa. Na ƙaramin gudu ne: a RAV4 yana sakin kansa da ka wuce kilomita 40 a awa, ko ka taka birki, don haka ka riƙa kallon fitilarsa. A Tucson da Sportage yana fara saki daga wajen 30. CR-V ba ta da maɓallin, mai ita ya dogara da iskar taya da tafiyar da ya ɗauko.

Ka kashe na'urar hana zamewa in motarka tana da maɓallin: VSC ko TRC a Toyota, VSA a Honda, ESC a Hyundai da Kia, VDC a Nissan. A kwalta tana ceton rai, amma a rairayi taya dole ta ɗan zame, ita kuma da ta ga haka sai ta rage wa injin ƙarfi daidai lokacin da kake buƙatarsa. Wannan ne ya sa wasu suke cewa sun taka totur har ƙasa motar ta yi sanyi.

Ka sa giya a L ko 2, don kada giyabos ya canja a tsakiya. Ka shiga da gudun 20 zuwa 30, ka riƙe totur wuri ɗaya, sitiyari a miƙe gwargwadon hali. Kada ka tsaya gaisawa a tsakiya, ka ɗaga hannu ka wuce, a gaisa a gaba. In tsayawa ta zama dole, ka saki totur rairayin ya tsayar da kai; birki yana tara tudu a gaban taya. Da sassafe ko bayan yayyafi rairayi ya fi ƙarfi, da azahar ya fi laushi, in kana da zaɓin lokaci.

Hattara: da ka fito, ka mayar da iska kafin ka hau kwalta, ka kunna na'urar hana zamewa. Taya mai iska 18 a gudun 100 cikin zafin rana fashewa take yi. In ba ka da famfo, ka bi a hankali ƙasa da 40 har wurin mai faci na farko.

Mataki na 7: Idan ta kafe

Da ka ji ta daina gaba, ɗaga ƙafarka. Daƙiƙa biyar na taka totur a wuri ɗaya sun isa su binne ta har ciki. Yawancin motocin da ake kwana ana haƙa, a daƙiƙun farkon nan aka binne su.

Fara da ribas a hankali, a kan sawunka, domin ka riga ka danne wurin. In ta ƙi, sauka. Mutanen da ke ciki su sauka, a sauke kaya masu nauyi. Ka duba ko cikinta ya zauna. In ya zauna, can za a fara haƙa, sai ka ga haske ta ƙarƙashi daga wannan gefe zuwa wancan. Sannan a share gaban ko bayan kowace taya a yi mata gangare mai sauƙi, a cusa katako, kara ko tabarmar ƙafa ta mota. Ka ƙara rage iska zuwa 15. In taya ta nutse sosai, a ɗora jek a kan katako a ɗaga, a cika ramin, a sauke. Ba a shiga ƙarƙashin motar da ke kan jek a rairayi.

Kafin ka gama wannan matasan ƙauyen sun taru, kuma hannu shida sun fi kofulin ƙarfi. Ka gaya musu su tura a jikin ginshiƙan ƙofa, kada su danna gilas ko fitila, kada kowa ya tsaya daidai bayan taya domin katako yana fitowa da gudu. In sun fitar da kai ka ba su na goro da fuska a sake, gobe ma hanyar za ka bi.

Idan kana lilo da ita tsakanin D da R, ka bari tayoyi su tsaya cak kafin kowane canji. Masu giyar CVT, wato otomatik mara matakan giya, kamar Nissan Rogue da yawancin X-Trail daga 2007, su fi kowa taƙaitawa, ba ta son zafi.

Akwai wata kafewar dabam, ta kwazazzabo ko kwalbatin da ruwa ya cinye, inda ƙafar gaba ɗaya da ta baya ta ɗaya gefen suke rataye. LOCK gaba da baya yake haɗawa, ba hagu da dama ba, don haka ƙarfin duk zai gudu ta ƙafafun da ke iska. A nan ka bar na'urar hana zamewa a kunne, ka riƙe totur a tsaka-tsaki. Za ka ji ƙara kamar ana niƙa, ita ce take kama ƙafar da ke juyawa don ƙarfi ya koma wadda ke ƙasa.

Hattara: idan fitilar 4WD ko AWD ta fara ƙiftawa, kofulin ya yi zafi, motar ta koma jan gaba don ta kare shi. Ka tsaya, ka bar injin yana aiki ba tare da taka totur ba har fitilar ta mutu. A Nissan ƙiftawa da sauri zafi ne, a hankali kuwa tana nuna tayoyi ba girma ɗaya ba ne.

Idan za a ja ka, a ɗaura igiya a ƙugiyar ja kaɗai. Ba a ɗaura ta a ƙarfen ƙafa, ko shaf, ko bamba. A ja a hankali, kowa ya matsa nesa da igiyar.

Mataki na 8: Taɓo da ruwa

Taɓo tsarinsa ɗaya da rairayi, sai dai ba sai ka rage iska sosai ba, kuma murɗa sitiyari kaɗan-kaɗan hagu da dama yana taimaka wa gefen taya ya kama. Bayan ka fita a wanke ƙarƙashi da cikin rim, busasshen taɓo yana sa sitiyari rawa.

Ruwa kuwa fowil ba shi da abin cewa a kai. In ya wuce tsakiyar taya, ka juya. In yana gudu, ko bai kai haka ba ka jira: ruwa mai gudu na santimita 30 yana iya ɗaukar ƙaramar mota, na 60 yana tafiya da jif. Rafukanmu na yashi sukan cika cikin minti kaɗan a watan Agusta su kuma janye bayan 'yan awanni, jiran bai kai asarar ba. In ka ratsa ruwa mai ɗan zurfi, ka taka birki a hankali sau da yawa ya bushe, kuma cikin makon a buɗe aksul a duba. Yana da ƙaramar kafar shaƙar iska a sama, ƙarfe mai zafi in ya shiga ruwan sanyi yakan zuƙo ruwa ta nan. Man da ya koma fari-fari kamar an zuba madara a canja shi nan take.

Mataki na 9: Man da ake mantawa da shi

Kowa yana canja baƙin mai, kaɗan ne suka san akwai wasu wurare biyu: ƙaramin akwatin da farfela take fitowa a jikin giyabos, da aksul ɗin baya. A RAV4 ta 2006 zuwa 2012 kowanne yana cin wajen rabin lita na man giya GL-5, 80W-90. Daga 2013 ya koma 75W-85. Ita CR-V ƙaramin akwatin nata da man giyabos yake aiki, amma aksul ɗinta na baya ba ya karɓar man giya ko kaɗan. Mansa na musamman ne, Honda Dual Pump Fluid II, lita ɗaya da ɗan ɗori. Alamar ya tsufa ita ce gurnani daga baya in kana shan kwana a hankali da sitiyari a ƙure, kamar wurin juyawa a harabar masallaci. Sau da yawa canjin man kaɗai yake kashe ƙarar, wani lokaci sai an canja sau biyu. An sha sayen aksul sukutum a kan matsalar da gorar mai biyu za ta magance.

Ga ƙurarmu da zafinmu, shawarata a canja duk kilomita 30,000 zuwa 40,000, kuma duk wanda ya sayi mota 'yar hannu ya canja a makon farko. Ka tsaya a kai ana yi. A fara kwance kusar zubawa ta sama kafin ta tsiyayewa ta ƙasa. In aka tsiyaye sannan ta sama ta ƙi kwancewa, ka shiga uku. Mota ta tsaya daidai, a cika har man ya fara dawowa ta bakin ramin, a sa wa kusar sabon washa. Ka sayo man da kanka a rufe, daga shagon da ka yarda da shi. Man wuraren biyu da ladan aiki ba su kai kuɗin cika tanki ɗaya ba, kofulin na Beljiyam kuwa ya ninka haka sau da yawa, kuma ba ka san irin wahalar da ya sha a hannun mai shi na farko ba.

Mataki na 10: Fitilun dashbod, janwe da maganar cire farfela

Da ka murɗa makulli kafin injin ya tashi, fitilar ABS da ta 4WD, in motarka tana da ita, su kama sannan su mutu. Wadda ba ta kama ba sam, ko dai ƙwanta ya mutu, ko an cire shi, ko an rufe ta. Idan ta ABS ta zauna a kunne, a motocin da kwamfuta take sarrafawa yawanci ƙafafun baya sun daina karɓar ƙarfi, domin ba ta ganin gudun tayoyi. Sau da yawa waya ce ta tsinke ko sensa ta cika da datti. A RAV4 ta 2006 zuwa 2012 kuma za ka ga fitilar injin, VSC da 4WD sun kama tare. Galibi laifin na injin ne, kamar sensar salansa, motar ce take kashe sauran har a gyara. A sa kwamfuta a karanta kafin a kwance komai.

In mota ta lalace a hanya, a ɗora ta gaba ɗaya a kan motar ɗaukar mota. Ɗaga gaba a bar ƙafafun baya suna birgima yana cin kofulin.

Sai maganar da aka fi yi mini. Makanike zai ce, "Ranka ya daɗe, a cire farfelar nan kawai, mai take sha maka, ga ƙara." Ka tambaye shi ƙarar daga ina take. Yawanci boris ɗin tsakiyar farfela ne, ko mahaɗarta, ko boris ɗin kofulin, kuma duk ana samunsu. Maganar mai kuwa, bambancin mai jan huɗu da mai jan gaba a gwajin kamfani wajen rabin lita ne a kilomita 100, kuma mafi yawansa daga nauyin kayan ne, kilo 50 zuwa 70. Cire farfela ba ya sauke aksul da shaf, suna nan suna juyawa kana ɗauke da su. Abin da za ka rage bai taka kara ya karya ba, ka kuma rasa abin da ka biya kuɗi dominsa, farashin motar ya faɗi ranar sayarwa. Motar da take shan mai fiye da kima a duba fulogi, matatar iska, sensar salansa, iskar taya da birkin da ke kamawa.

Inda na yarda a cire shi ne idan mahaɗar ta lalace a hanya tana dukan ƙarƙashin mota, don a samu a isa gida. A nan ma a yi wa bakin farfelar da inda take ɗaure alama da fenti kafin a kwance, don a mayar da ita yadda take, in ba haka ba tana iya kawo rawa a babban gudu. A ɗaure kusoshin a leda, a sa su tare da farfelar a but ɗinka, kada a bar ta a gareji.